Jinkirta sikirif na rumbun bayanai zuwa wani lokaci: wa ke riƙe da jiran, kuma agogon wa ake bi?

Duk wanda ke kula da rumbun bayanai na otal a unguwar Misfala da ke Makka, ko na kamfanin kago a Jidda, ko na ofishin da ke shirya wa alhazai Umara a Madina, ya san irin wannan buƙata. An rubuta aikin tun da rana, an duba shi, ba shi da matsala, amma ba a so ya gudana yanzu. Farashin ɗakuna zai canza ne da safiyar gobe. Tsofaffin rasitai za a kwashe ne bayan an rufe kanti. Teburin da ke da layi miliyan biyu ba a taɓa shi yayin da masu karɓar kuɗi ke kan aiki. To shi ma'aikaci ba zai kwana gaban kwamfuta yana jiran ƙarfe shida da rabi ta buga ba, don haka sai ya nemi hanyar da zai ce wa sikirif ɗin ya dakata har lokacin ya yi.

Rubuta umarnin dakatawar layi ɗaya ne. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Inda aiki ke lalacewa shi ne wajen abubuwa uku da ba a cika tambaya ba: wane ne ke riƙe da jiran tsawon waɗannan awoyi, agogon wa ake kallo, sannan me zai faru idan lokacin ya zo ya wuce ba a yi aikin ba. Za mu fi ba da ƙarfi a kan SQL Server, domin shi ne ke ƙarƙashin manhajoji da yawa na lissafi da na kanti da ake girkawa a kan Windows, sannan mu leƙa MySQL da PostgreSQL.

Hanya mafi kusa a SQL Server ita ce WAITFOR, kuma fuska biyu gare ta:

WAITFOR DELAY '02:15:00';
WAITFOR TIME '06:30:00';

Na farko yana nufin a jira awa biyu da minti goma sha biyar daga yanzu. Na biyu yana nufin a jira har agogo ya nuna shida da rabi na safe. Duk abin da ka rubuta a ƙarƙashin layin ba zai motsa ba sai jiran ya ƙare. DELAY ba ya wuce awa 24. TIME kuwa ba ya karɓar kwanan wata sam, lokaci kaɗai yake ganewa, kuma a nan tarkon farko yake. Idan ka rubuta '06:30:00' ka danna F5 da ƙarfe 6:31, ba zai ce maka ka makara ba, ba kuma zai gudanar da aikin nan take ba. Zai yi shiru ya zauna jiran shida da rabi na gobe. Kai kana ganin alamar aiki na juyawa a ƙasan SSMS, manhajar da ake aika wa SQL Server umarni da ita, kana zaton teburin ne ke da nauyi, alhali ko layi ɗaya bai taɓa ba.

Wanda ke son jiran kwana biyu ko uku yakan zagaye wannan iyaka da madauki:

WHILE SYSDATETIME() < '2026-03-01T06:30:00'
    WAITFOR DELAY '00:01:00';

Wannan yana farkawa duk minti ɗaya ya duba agogo ya koma. Ka lura da harafin T da ke tsakanin kwanan wata da lokaci, ba ado ba ne. Idan ka rubuta '2026-03-01 06:30' ka zuba shi cikin nau'in datetime, alhali asusun da ya shiga sabar an saita shi a harshen da ke fara kwanan wata da rana, irin Ingilishin Birtaniya, SQL Server zai karanta shi a matsayin 3 ga Janairu maimakon 1 ga Maris. Da T ɗin a tsakiya kuwa karatu ɗaya yake da shi a kowane harshe.

Yanzu ga babbar tambayar: wa ke jiran? A WAITFOR, jiran yana rataye ne a wuyan haɗin da ke tsakanin kwamfutarka da sabar. Sikirif ɗin ba a ajiye shi ko'ina a cikin rumbun ba, yana raye ne muddin wannan haɗi na raye. Ka rufe murfin laftof ta yi barci, intanet ɗin gida ya yanke, VPN ya gaji da shiru ya katse, Windows ta sabunta kanta ta sake tashi da tsakar dare, duk ɗaya ne: sabar za ta gane haɗin ya mutu, ta jefar da aikin, kuma babu wanda za ta sanar. Da safe ka tarar farashi na nan yadda yake jiya. Wasu kan shiga sabar daga nesa ta RDP, hanyar Windows ta buɗe allon wata kwamfuta, su buɗe SSMS a can, abin da ya fi barin shi a laftof. Sai dai a tuna, rufe tagar RDP daban, fita daga asusu daban. Na farko yana barin SSMS na aiki, na biyu yana kashe shi, kuma ofisoshi da dama na da dokar da ke fitar da duk asusun da aka bari a yashe bayan wasu awoyi.

Idan daga cikin manhaja ake aika umarnin, wata matsalar ce ke jira. SSMS ba ya sa wa tambaya wa'adi, yana iya jira har abada. Manhajar da aka rubuta da .NET kuwa tana zuwa da wa'adin daƙiƙa 30 a kan kowane umarni, sai in an canza shi. Jiran awa biyu zai mutu tun a rabin minti na farko.

Abin da ya fi waɗannan duka muni shi ne a sa WAITFOR a cikin tiranzakshan, wato tsakanin BEGIN TRAN da COMMIT. Dubi wannan jeri: an buɗe tiranzakshan, an gyara layi ɗaya a teburin ɗakuna, sannan aka ce a jira har shida da rabi kafin a ƙarasa. Wannan layi guda da aka gyara yana kulle tun daga lokacin. Mai karɓar baƙi ya zo zai ba alhaji makullin ɗaki, allonsa ya daskare, domin tambayarsa ta biyo ta kan layin da ke kulle. Na kusa da shi ma ya daskare, saboda yana jiran abin da na farko ya riƙe. Cikin minti goma layin mutane ya kai bakin ƙofa da akwatunansu, kowa na zargin intanet. Ƙari a kan haka, fayil ɗin rajistar tiranzakshan ba zai iya sake amfani da wurinsa ba muddin akwai wanda ke buɗe, sai ya yi ta kumbura har ya cika faifai. Ƙa'idar a nan ba ta da sassauci: jira tukuna, sannan a buɗe tiranzakshan. Idan kuma ka tarar an riga an faɗa ramin, ka duba sys.dm_exec_requests, za ka ga haɗin da wait_type ɗinsa ke cewa WAITFOR, ka ɗauki lambarsa ka ba shi KILL. Abin da ya fara gyarawa zai koma yadda yake, kulle ya saki.

Akwai kuma ɗan tsadar da ba a gani. Kowane WAITFOR yana riƙe da ma'aikaci guda daga cikin ma'aikatan sabar, wato zaren aiki da ake kira worker thread, waɗanda adadinsu ƙayyadadde ne. Guda ɗaya ko biyu ba komai. Manhajar da ke buɗe ɗaruruwa a lokaci guda kuwa tana cinye hannayen da ya kamata su yi wa masu ciniki aiki.

Don haka a ganinmu WAITFOR yana da gurbinsa, amma ƙarami ne: jiran minti ashirin kana zaune kana kallo, ko hutun daƙiƙa biyu tsakanin kashi-kashi na babban aiki, ko gwajin yadda kulle ke aiki. Duk jiran da za ka tafi ka bari, ba nasa ba ne.

Kafin mu zo ga abin da ya dace, sai an warware batun agogo, domin shi ke kayar da ƙwararru ma. WAITFOR TIME da duk wani mai tsara lokaci suna bin agogon sabar ne, ba na hannunka ba. Saudiyya tana gaban UTC, agogon ma'auni na duniya, da awa uku duk shekara, ba ta matsar da agogo da rani ko hunturu. Idan sabar na ɗakin bayan ofis kuma an saita ta a lokacin Riyad, lafiya lau. Amma rumbun Azure SQL Database, wanda ake haya a sabar Microsoft, yana ba da lokacin UTC ne koyaushe, ko a wace ƙasa aka ajiye shi. Ka ce masa ƙarfe biyu na dare, zai yi aikin ƙarfe biyar na asuba a Makka, daidai lokacin da otal ya farka. Sabar haya da ke Jamus, in an bar ta a lokacin can, tana bayan Makka da awa biyu a hunturu, awa ɗaya a bazara. A Lahadin ƙarshe ta Maris agogonsu kan tsallake daga ƙarfe biyu zuwa uku, wato 2:30 babu ita a wannan dare, a Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma 2:30 takan zo sau biyu. Kano da Yamai suna bayan Makka da awa biyu, abin lura ga kamfanin kago da sabarsa ke Najeriya ma'aikatansa na Jidda. Sudan kuwa ta koma UTC da ƙarin awa biyu a ranar 1 ga Nuwamba 2017, bayan shekarun da agogonta ke tafiya daidai da na Saudiyya. Tsohuwar na'urar da aka saita ta a lokacin Nairobi tun wancan zamani, ba a sake taɓa ta ba, har yau tana gaban Khartum da awa guda.

Maganin shi ne kada ka yi zato, ka tambayi sabar da bakinta:

SELECT SYSDATETIMEOFFSET();
SELECT SYSDATETIMEOFFSET() AT TIME ZONE 'Arab Standard Time';

Layin farko zai nuna maka agogonta da tazararta daga UTC. Na biyu, wanda ke aiki daga SQL Server 2016 zuwa sama, zai juya maka shi zuwa lokacin Saudiyya. A kula da sunan sosai, domin Windows na da sunaye uku masu kama da juna kamar 'yan uku. 'Arab Standard Time' shi ne na Riyad da Kuwait. 'Arabic Standard Time' na Bagadaza ne. 'Arabian Standard Time' na Abu Dhabi da Maskat ne, kuma yana gaban Makka da awa ɗaya. Haruffa uku kacal a ƙarshen kalma sun isa su sa aikinka ya gudana awa guda kafin lokaci, ba tare da wani saƙon kuskure ba. A Linux da PostgreSQL da MySQL sunan ya fi sauƙi, Asia/Riyadh ne, na Sudan kuma Africa/Khartoum.

To wa ya kamata ya riƙe jiran? Wanda aka gina domin haka, wato SQL Server Agent. Bambancinsa da WAITFOR shi ne yana rubuta aikin da lokacinsa a cikin rumbun msdb. Ka kashe laftof ɗinka ka tafi Harami, aikin na nan a rubuce. Ko sabar ta mutu ta tashi kafin lokacin, zai gudana, muddin Agent ɗin ma ya tashi. Ana iya shirya shi da linzami a SSMS, amma rubuta shi ya fi, domin ana iya dubawa a kuma maimaita:

USE msdb;
EXEC sp_add_job @job_name = N'CanjinFarashi';
EXEC sp_add_jobstep @job_name = N'CanjinFarashi', @step_name = N'Mataki1',
    @subsystem = N'TSQL', @database_name = N'Otal',
    @command = N'EXEC dbo.CanzaFarashi;';
EXEC sp_add_jobschedule @job_name = N'CanjinFarashi', @name = N'SauDaya',
    @freq_type = 1, @active_start_date = 20260301, @active_start_time = 63000;
EXEC sp_add_jobserver @job_name = N'CanjinFarashi';

Lamba 1 a @freq_type na nufin sau ɗaya tak, 4 kullum, 8 mako-mako. Kwanan wata da lokaci lambobi ne zalla, shekara da wata da rana a manne, awa da minti da daƙiƙa a manne. Shida da rabi na safe 63000 ne. Wanda ya rubuta 630 ya ce ne minti shida da daƙiƙa talatin bayan sha biyun dare. Layin ƙarshe, sp_add_jobserver, shi aka fi mantawa, kuma in babu shi aikin zai zauna a rubuce ba zai taɓa tashi ba.

Ga mai tsara aikin mako-mako akwai lissafin da ya shafe mu kai tsaye. Kowace rana na da lambarta: Lahadi 1, Litinin 2, Talata 4, Laraba 8, Alhamis 16, Juma'a 32, Asabar 64, sai a tara na ranakun da ake so. Misalan da ke yawo a intanet galibi 62 suke sawa, wato Litinin zuwa Juma'a. Tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, ranakun aiki Lahadi zuwa Alhamis, jimlarsu 31. Mai kwafo 62 ido rufe zai rasa aikin Lahadi, ya kuma gudanar da shi ranar Juma'a da ofis ke rufe.

Agent ma yana da nasa halaye. Lokacin girka SQL Server, ana barin sa ne a kan sai an tayar da shi da hannu, don haka a je cikin ayyukan Windows a mayar da shi mai tashi da kansa, in ba haka ba sabar na sake tashi shi zai ci gaba da kwanciya. Ba ya rama abin da ya wuce shi: in yana kashe da 6:30 ya tashi 6:40, aikin ya tafi ke nan. Mai aikin ma abin dubawa ne. Idan an rubuta shi da sunan asusun wani ma'aikaci, ya gama kwangila ya koma gida aka goge asusunsa, aikin zai fara faɗuwa da ƙorafin cewa ba a iya tantance mai shi ba. Sai kuma wani abu mai ɗaure kai: sikirif ya yi aiki lafiya a SSMS, ya faɗi a Agent da kuskure mai lamba 1934. Dalili shi ne SSMS na kunna QUOTED_IDENTIFIER, matakin Agent kuma a kashe yake barin sa, alhali teburin da ke da fihirisa mai tacewa ko fihirisa a kan ginshiƙin lissafi ba ya yarda a gyara shi sai a kunne. A sa SET QUOTED_IDENTIFIER ON a saman matakin, ko a zuba aikin cikin furosija, wato jerin umarni da aka ajiye da suna a cikin rumbun, wadda aka ƙirƙira daga SSMS kamar yadda misalin sama ya yi, domin furosija tana riƙe da saitin da aka haife ta da shi.

Ƙananan shaguna da ofisoshi da yawa suna kan SQL Server Express ne, na kyauta, wanda ba ya zuwa da Agent. A nan sai a ba Task Scheduler na Windows jiran, shi kuma ya kira sqlcmd, manhajar da ke gudanar da fayil ɗin SQL daga layin umarni:

sqlcmd -S .\SQLEXPRESS -E -d Otal -I -b -i C:\aiki\farashi.sql -o C:\aiki\sakamako.txt

Harafin -E na shiga da asusun Windows, ba sai an rubuta kalmar sirri a fili ba. Babban -I yana kunna saitin da muka ambata yanzu. Ƙaramin -b yana sa sqlcmd ya fita da alamar faɗuwa in an sami kuskure. In babu shi, Task Scheduler zai rubuta maka cewa komai ya tafi daidai ko da sikirif ɗin ya fashe a layin farko. -o kuma yana ajiye abin da ya faru a fayil. A cikin saitin aikin a zaɓi ya gudana ko mai asusu ya shiga ko bai shiga ba, a cire alamar da ke hana shi tashi in kwamfuta na kan batir, domin tana zuwa a kunne. Akwai kuma zaɓin a gudanar da aiki da zarar an samu dama in lokacinsa ya wuce. Wannan sai an yi tunani kafin a taɓa shi. Ga ajiyar kwafin rumbu alheri ne. Ga aikin da ke kulle manyan tebura kuwa yana iya tayar da shi ƙarfe goma na safe ana tsakiyar ciniki.

MySQL yana da nasa mai tsara lokaci a ciki:

CREATE EVENT canjin_farashi
ON SCHEDULE AT '2026-03-01 06:30:00'
ON COMPLETION PRESERVE
DO CALL canza_farashi();

Yana fassara lokacin ne da yankin agogon haɗin da ya ƙirƙire shi, don haka a fara da SET time_zone = '+03:00'. A duba SHOW VARIABLES LIKE 'event_scheduler' a tabbatar yana kunne. A MySQL 8.0 a kunne yake zuwa, a 5.7 da MariaDB a kashe, kuma MariaDB, 'yar'uwar MySQL, ita ce ke cikin kunshin sabar nan na XAMPP. Kunna shi da SET GLOBAL ba ya tsallake sake tashin sabar, sai an rubuta shi a fayil ɗin saiti. In ba a sa PRESERVE ba, aikin sau ɗaya yana goge kansa bayan ya gama, ka rasa ko alamar cewa ya taɓa wanzuwa. PostgreSQL na da pg_sleep_until, wanda ya fi WAITFOR TIME da karɓar cikakken kwanan wata da yankin agogo, amma shi ma a wuyan haɗi yake rataye. Mai son abin dogaro sai ya koma ga pg_cron, wanda ke bin GMT sai an canza masa cron.timezone, ko ga umarnin at da cron na Linux.

Wani abu da littattafan koyarwa ba za su faɗa maka ba: su a wurinsu ƙarfe biyu na dare shi ne lokacin da kowa ya yi barci. A Makka da Madina ba haka abin yake ba. Motocin alhazai na isowa daga filin jirgin Jidda a kowace sa'a ta dare. Da azumi kasuwa sai bayan tarawihi take ci, a goman ƙarshe kuma ga tahajjud ga sahur, gari ba ya lafawa sai hantsi. Kada ka ari lokacin wani. Ka ƙirga rasitan watan da ya wuce awa-awa daga teburin ciniki, ka ga sa'ar da ta fi ƙarancin motsi, kuma ka sake ƙirgawa in Ramadan ko aikin Hajji ya gabato, domin sa'ar kan ƙaura.

Kalanda ma haka. Maigida zai ce a canza farashi ranar ɗaya ga Shawwal. Agent da Task Scheduler ba su san ganin wata ba. Kalandar Ummul Ƙura, wato kalandar Hijiriyya ta hukumar Saudiyya, lissafi ce da aka yi tun gaba, ranar Sallah kuwa sai Kotun Ƙoli ta sanar bayan an duba wata. Shi kansa SQL Server, in ka juya kwanan wata zuwa Hijiriyya da CONVERT mai salo 130 ko 131, lissafin Kuwait yake bi, wanda kan saɓa wa Ummul Ƙura da kwana guda. Abin yi shi ne a ajiye ranar ta Miladiyya a wani ɗan tebur, aikin ya riƙa tashi kullum yana dubawa ko ranar ta yi, mutum kuma ya shigar da ranar da hannunsa bayan sanarwa ta fito.

Duk mai tsara lokacin da ka zaɓa, sikirif ɗin da zai gudana ba kowa a kansa dole ya iya tsare kansa. Ɗauki ƙarin kashi 20 cikin ɗari a kan ɗakin riyal 500. Sau ɗaya, 600. In aka yi rashin sa'a ya gudana sau biyu, ko don wani ya ga kamar bai yi ba ya sake dannawa, ko don 2:30 ta zo sau biyu a sabar Jamus, ɗakin ya zama 720, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya, sai baƙo ya yi ƙorafi a gane. Ga yadda ake toshe ƙofofin:

SET XACT_ABORT ON;
SET LOCK_TIMEOUT 20000;
DECLARE @yanzu datetime2 =
    CAST(SYSDATETIMEOFFSET() AT TIME ZONE 'Arab Standard Time' AS datetime2);
IF @yanzu < '2026-03-01T06:30:00' OR @yanzu > '2026-03-01T07:30:00'
    THROW 50001, 'Ba lokacin wannan aiki ba ne', 1;
BEGIN TRAN;
INSERT dbo.RajistarAiki (suna, lokaci) VALUES ('farashi-2026-03', @yanzu);
UPDATE dbo.Dakuna SET farashi = farashi * 1.20 WHERE rukuni = 'A';
COMMIT;

Sikirif ɗin yana duba agogon Makka da kansa, ya ƙi motsi in an tashe shi kafin lokaci ko bayan tagar awa ɗaya ta rufe. Ginshiƙin suna a RajistarAiki, teburin da ake rubuta ayyukan da aka gudanar, shi ne babban makullin teburin, saboda haka yunƙuri na biyu zai ci karo da sunan da ke nan, ya faɗi da kuskure 2627 kafin ya kai ga farashi. XACT_ABORT ne ke tabbatar da cewa faɗuwar ta tsayar da komai ta kuma mayar da abin da aka fara. In babu shi, SQL Server zai yi ƙorafin INSERT ɗin ya wuce abinsa zuwa UPDATE, kuma in manhaja ce ta gaji da jira ta yanke umarnin, tiranzakshan na iya zama a buɗe da kullensa. LOCK_TIMEOUT na daƙiƙa 20 yana hana aikin tsayawa har abada a bayan wani wanda ya bar allon gyara a buɗe ya tafi salla.

In layukan da za a taɓa suna da yawa, a yanka su. SQL Server kan ɗaga kulle daga layi-layi zuwa tebur gaba ɗaya idan umarni guda ya tara kulle wajen 5,000. Goge tsofaffin rasitai da DELETE TOP (4000) a cikin madauki, kowane kashi da nasa COMMIT, da WAITFOR DELAY '00:00:02' a tsakani domin masu ciniki su sami hanyar wucewa, ya fi a yi shi tashi ɗaya. Nan ne WAITFOR ke da amfani na gaske. Kuma a sa matakin ɗaukar kwafin rumbu, ko aƙalla na teburin da za a taɓa, ya zama mataki na farko a cikin aikin, yadda in ya faɗi mataki na biyu ba zai tashi ba.

Wani lokacin kuma jinkirin gaba ɗaya ba a buƙatarsa. Ranar 1 ga Yuli 2020 harajin VAT a Saudiyya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Manhajar da ke da gurbi ɗaya tak na adadin haraji dole a canza mata shi daidai sha biyun dare, da duk haɗarin da muka lissafa, sannan in aka dawo da kayan da aka saya a watan Yuni sai lissafi ya rikice, domin tsohon adadin ya ɓace. Manhajar da teburin harajinta ke da ginshiƙin ranar fara aiki kuwa, layi ɗaya ake ƙara mata tun mako guda kafin ranar: kashi 15, daga 2020-07-01. Kowane rasit yana ɗaukar layin da ranarsa ta fi kusa ba ta wuce ranar cinikin ba. Babu abin da ke gudana da tsakar dare, don haka babu abin da zai faɗi. Farashin ɗaki, kuɗin kilo na kago zuwa Kano, kuɗin kujerar Umara, duk suna karɓar wannan tsari, kuma in kana da ikon taɓa ginin teburin, shi muke ba da shawara a fara dubawa. Jinkirta sikirif sai a bar wa ayyukan da dole sai an motsa bayanai, irin kwashe tsofaffin layuka, sake gina fihirisa, ko rufe lissafin wata.

Kafin ka tashi daga kujera, ka gwada hanyar kanta ba sikirif kaɗai ba. Ka shirya aikin gwaji da zai gudana bayan minti biyar, da asusun da na gasken zai yi amfani da shi, wanda ba abin da zai yi sai rubuta layi ɗaya a RajistarAiki. Ka rufe SSMS, ka fita daga asusunka, ka dawo bayan minti goma ka duba layin da lokacin da ke jikinsa. In Agent ne, ka saita Database Mail, mai aika imel na SQL Server, ya aiko saƙo in aiki ya gama, ba in ya faɗi kaɗai ba, domin Agent da ke kashe ba ya aiko saƙon faɗuwa. Da 6:35 na safiyar ranar, in wayarka ba ta yi ƙara ba, ka buɗe RajistarAiki tun tagar 7:30 ba ta rufe ba.